Jumlar Sharaɗi a Bulgariyanci da Hausa, Tare da Shaida Daga Karin Harshen Yammacin Zamfara

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya zauna a ajin nahawu ya san cewa idan aka zo lissafin lokutan Hausa ba a ambaton wani lokaci mai suna na sharaɗi. Akan kawo shuɗaɗɗe na ɗaya da na biyu, da mai ci na ɗaya da na biyu, da na gaba iri biyu, da sabau, da umurtau, daga nan sai a rufe babi. Wannan ya sa wasu suke ɗauka cewa gina sharaɗi a Hausa bai wuce a jefa in ko da a goshin jumla ba. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nuna cewa akwai ƙa'ida mai tsauri a tsakanin harafin sharaɗi da lokacin da yake biye da shi, kuma rubutun boko na daidaitacciyar Hausa yana ɓoye wani sashe na wannan ƙa'ida, wanda karin harshen yammacin Zamfara yake fito da shi fili. An ɗauko Bulgariyanci don kwatance, saboda shi harshe ne da ya ware wa sharaɗi siga tasa ta kansa, don haka abin da Hausa take yi ta wata hanya zai fi fitowa sarari idan an jera su.

Misalan da ke ciki an gina su ne don wannan nazari. Waɗanda aka ce na Zamfara ne sun bi yadda ake magana a Tungar Daji ta ƙasar Anka da maƙwabtanta har zuwa Bukkuyum da Gummi. Inda ake bukatar nuna dogon wasali an ninka shi, an kuma sa alamar karin ƙasa ko faɗau a kan wasalin. Gangar da ke ɗauke da sharaɗi an kira ta gangar sharaɗi, wadda ke ɗauke da sakamako kuwa an kira ta jawabi, kamar yadda malaman nahawun Larabci suke kiranta.

2.0 Yadda Bulgariyanci Yake Gina Sharaɗi

Bulgariyanci harshen ƙasar Bulgeriya ne da ke kudu maso gabashin Turai, dangi ɗaya da Rashanci, kuma da baƙaƙe irin na Rashanci ake rubuta shi. A nan an mayar da misalan zuwa boko. Sigar sharaɗi a wannan harshe tana da sassa biyu. Na farko ɗan mataimakin aikatau ne da ya samo asali daga tsohuwar sigar aikatau mai ma'anar 'kasance', wanda yake sauyawa bisa ga mutum da adadi:

(1) tilo: bih, bi, bi
jam'i: bihme, bihte, biha

Na biyu shi ne aikatau ɗin kansa a wata siga mai ɗafa-ƙeyar -l, wadda take dacewa da mai aikatawa a jinsi da adadi:

(2) a. bih pisal 'da na rubuta' (namiji ke magana)
b. bih pisala 'da na rubuta' (mace ke magana)
c. bihme pisali 'da mun rubuta'
d. ne bih pisal 'da ban rubuta ba'

Harafin sharaɗi shi ne ako. Abin lura a nan shi ne ako ba ya sauyawa, ko sharaɗin mai yiwuwa ne ko wanda ya riga ya kuɓuce. Aikatau ne yake ɗaukar nauyin bambancin:

(3) Ako vali, shte ostanem vkashti.
'In an yi ruwa, za mu zauna gida.'
(4) Ako imah pari, bih kupil kon.
'Da ina da kuɗi, da na sayi doki.'
(5) Ako beshe doshal, shtyahme da tragnem.
'Da ya zo, da mun tashi.'

A (4) sigar bih ta fito ne a jawabi, kuma galibi nan ne mazauninta. A (5) an yi amfani da wata siga dabam, watau lokaci na gaba da aka mayar cikin shuɗaɗɗe, wadda masu harshen suke yawan ɗauka idan ana maganar abin da ya wuce bai auku ba. Fassarar Hausa da ke ƙarƙashin kowane misali ta riga ta nuna bambancin harsunan biyu: Bulgariyanci ya riƙe harafi ɗaya ya sauya aikatau, Hausa kuwa ta bar aikatau yadda yake ta sauya harafi daga in zuwa da.

Har wa yau ana amfani da sigar bih wajen ladabi. Mai roƙo yakan ce Bihte li mi pomognali?, daidai da yadda Bahaushe zai ce wa maƙwabcinsa 'Da za ka taimaka ka ara mini jakinka.' Wani abin mamaki kuma, Bulgariyanci yana da harafi da wanda yake iya buɗe sharaɗin da ya kuɓuce, har a ce Da byah znael, ma'ana 'da na sani'. Wannan dacewar sauti ce kawai. Hausa tana cikin harsunan Cadi, Bulgariyanci yana cikin na Indiya da Turai, babu dangantakar asali ko ta aro a tsakaninsu a wannan wuri.

3.0 Sharaɗi Mai Yiwuwa: in da idan

Masana da dama suna ganin an aro in da idan daga Larabci, inda ake da in da iza. Ma'anarsu a Hausa ɗaya ce, sai dai in ta fi yawa a baka da karin magana, idan ta fi yawa a rubutu. Suna shiga gaban lokuta da dama, suna kuma shiga gaban gangar da ba ta da aikatau ko kaɗan, kamar a karin maganar nan 'In ba ƙira, me ya ci gawayi?'

(6) a. In kuna niƙa, ku rufe hanci.
b. In za ku tafi Gummi, ku yi sammako.
c. In sun zo, ma gaisa.
d. In suka zo, ma gaisa.
e. *In su zo, ma gaisa.

Misali na (6e) ya nuna cewa umurtau ba ya biyo bayan in kai tsaye. Amma inda magana take shi ne (6c) da (6d). Harafin in yana karɓar shuɗaɗɗe na ɗaya, yana kuma karɓar na biyu, ga shi kuwa abin da ake magana a kai bai ma auku ba tukuna. Dalili shi ne aikin shuɗaɗɗe a nan nuna kammaluwar aiki ne kafin na jawabi ya biyo, ko da a gobe ne. Malam Dauda Bagari ya tattauna irin waɗannan gangunan a kundin digirinsa na uku na 1976, haka ma Paul Newman a babban littafinsa na nahawun Hausa na 2000 da Philip Jaggar a nasa na 2001.

Masu magana da yawa ba sa jin wani bambanci tsakanin (6c) da (6d). Duk da haka akwai wurin da kunne yake fifita na biyu, shi ne wurin gargaɗi da kashedi, inda ake so a nuna cewa da aukuwar wannan sai wancan ya biyo ba makawa: 'In kuka kuskura kuka tsallaka gulbi da dare, ba ruwan kowa.' Idan aka kore gangar kuwa bambancin yakan ɓace gaba ɗaya, domin 'in ba su zo ba' ita ce korewar (6c) da (6d) duka.

4.0 Sharaɗin da Ya Kuɓuce: da … da

Wannan shi ne takwaran sigar bih, kuma shi ne takwaran lau ta Larabci. Harafin a furuci dàa ne, da dogon wasali da karin ƙasa, kuma yakan zo sau biyu, ɗaya a goshin gangar sharaɗi, ɗaya a goshin jawabi. Ana iya ƙarfafa na farkon ya zama in da ko da a ce. Idan haka ne, in da kalmomi biyu ne a rubuce, kada a haɗa su da inda mai nuna wuri.

(7) a. Da sun shuka da wuri, da sun sami gero.
b. Da a ce sun shuka da wuri, da sun sami gero.
c. Da za a ba shi gonar, da ya noma ta.
d. *Da suka shuka da wuri, da sun sami gero.

A (7c) abin bai wuce ba, amma mai magana ba ya sa ran aukuwarsa. Ƙa'idar da ta fi muhimmanci tana (7d): dàa ba ta karɓar shuɗaɗɗe na biyu. Ba a samun suka bayanta sai in an fifita wata kalma a cikin gangar, kamar a ce 'Da su ne suka shuka, da an sami gero', inda fifita su ne ya jawo suka, ba harafin sharaɗi ba. Saboda haka in tana da zaɓi biyu, dàa tana da ɗaya tak.

5.0 Rikicin da a Rubuce

A rubutun boko kalmomi uku ne aƙalla suke sanye da riga ɗaya: dàa ta sharaɗi, da dà mai gajeren wasali wadda ke nufin 'tare da' ko 'sa'ad da', da dâa mai karin faɗau wadda ke nufin zamanin baya. Tun daga ƙa'idojin da Hans Vischer ya buga a 1912, har zuwa taron Yamai na 1980, rubutun yau da kullum bai ɗauki nuna tsawon wasali ko karin sauti ba. Marubucin ajami ya fi samun sauƙi ta wannan fuska, domin yana da alif da zai ja wasali da shi, yana kuma da shadda ta ninka baƙi.

Idan mai aikatawa jam'i ne, zagin aikatau yakan rage rikicin, tunda sun da suka ba su yi kama ba. Haka ma kin da kika. Amma ga na, ka, ya, ta, shuɗaɗɗe na ɗaya da na biyu rubutunsu ɗaya, tsawon wasali ne kaɗai ya raba su. A duba wannan ganga:

(8) Da ya zo …
a. Dàa yaa zoo, dàa mun tashi. (bai zo ba, ba a tashi ba)
b. Dà ya zoo, sai muka tashi. (ya zo, an tashi)
c. Dà yaa zoo, sai mù tashi. (ana jiransa, da zarar ya iso za a tashi)

Kalmomi uku ne a takarda, ma'ana uku a baki: nadama, da labari, da shiri. Mai karatu ba zai san wadda ake nufi ba sai ya kai jawabi, sa'an nan ya komo baya ya gyara muryarsa. Duk wanda ya taɓa sauraron ɗan firamare yana karatu a bayyane ya ji irin wannan tuntuɓe.

A nan ne karin harshen yammacin Zamfara yake da abin cewa. Kamar sauran karorin yamma, irin su Sakkwatanci, shuɗaɗɗe na biyu a can yana da siga dabam. A jam'i ana cewa munka, kunka, sunka, anka. A tilo kuwa zagin aikatau yana ƙarewa da baƙi wanda yake nashewa ya zama irin baƙin farko na aikatau:

(9) nig gani, kat tahi, yaz zo, yac ci, tash sha, taɗ ɗauka

Masana tarihin harshe suna ganin wannan baƙi ɓurɓushin -ka ne, watau wadda ta tsira cikakkiya a munka da sunka, ta ƙanƙance a tilo ta zama baƙi ɗaya, a Kananci kuma ta faɗi ɗungum ta bar gajeren wasali. Idan haka ne, abin da wasu ke kira lanƙwasar harshen ƙauye ya fi daidaitacciyar Hausa kusa da asali a wannan wuri. Ga (8) a bakin mutumin Tungar Daji:

(10) a. Da ya zo, da mun tashi.
b. Da yaz zo, sai munka tashi.
c. Da ya zo, sai mu tashi.

Ba a sa alamar kari ko ninkin wasali ba, amma (10b) ta ware kanta tun daga kalma ta biyu. Rikicin da ya rage tsakanin (10a) da (10c) ne kawai. Bugu da ƙari, ƙa'idar da aka kafa a sashe na 4.0 da misalan jam'i yanzu ana iya gwada ta a tilo a gani da ido: ba a cewa *Da yaz zo, da mun tashi. Haka kuma zaɓin nan biyu na in, wanda daidaitaccen rubutu yake haɗiyewa a 'in ya zo', a Zamfara yana fitowa a matsayin in ya zo da in yaz zo.

Akwai wani tarko da ya kamata mai nazari ya kiyaye. A waɗannan karori suka da muka da aka suna nan, amma aikinsu na lokaci mai ci na biyu ne, watau abin da Kananci yake cewa suke, muke, ake. Wanda ya ji an ce 'aikin da suka yi' a Bukkuyum ya fassara shi da aikin da aka gama, ya yi kuskure, domin mai maganar yana nufin aikin da ake cikin yi. Wanda aka gama shi ne 'aikin da sunka yi'.

6.0 Sharaɗi a Bakin Aiki

Kada a ɗauka wannan duka gardamar aji ce. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka gano cewa yara ƙanana suna mutuwa da yawa a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Bincike ya nuna gubar dalma ce. Duwatsun da ake haƙowa don neman zinariya suna ɗauke da dalma mai yawa, ana kuma kawo su cikin gari a daka, a niƙa, a wanke, a shanya a tsakar gida. Ƙurar ta gauraya da ƙasar da yara suke rarrafe a kai suna kai hannu baki. An ƙiyasta cewa yara kimanin 400 suka rasu. Tungar Daji tana cikin ƙauyukan da abin ya shafa, tare da Dareta da Abare da Sunke da Duza da 'Yargalma da Tungar Guru da Bagega. Maganin da ake bayarwa yana jawo dalma daga jini, amma amfaninsa kaɗan ne idan yaro zai koma kan gurɓatacciyar ƙasa. Don haka sai da aka kankare ƙasar saman gidaje aka zuba sabuwa. An yi wa Tungar Daji wannan aiki tsakanin ƙarshen 2010 da farkon 2011, Bagega kuwa sai a 2013.

Duk bayanin da ma'aikacin lafiya zai yi wa iyaye a irin wannan hali jumlolin sharaɗi ne, kuma kowane harafi da inda yake kai zuciyar mai sauraro:

(11) a. In anka niƙa dutse cikin gida, ƙura na shiga cikin yara.
b. Da ba a niƙa dutse cikin gida ba, da yara ba su kamu ba.
c. Ko da yaro ya sha magani, in yak koma bisa ƙasar nan, cutar na komowa.
d. Ba a ba da magani sai an kwashe ƙasa.

Jumla ta (11a) gargaɗi ce, ƙofa a buɗe take, kuma shuɗaɗɗe na biyu ya dace da ita kamar yadda aka gani a sashe na 3.0. Jumla ta (11b) bayaninta ɗaya da (11a) ta fuskar ilmin cuta, amma ƙofarta a rufe take. Wanda ya faɗe ta gaban uwar da ta binne ɗa ya ɗora mata laifi, ko bai yi niyya ba, domin dàa ba ta da abin da take nema ga mai sauraro sai da-na-sani. Mai fassara daga harshen da yake da harafin sharaɗi ɗaya, kamar ako na Bulgariyanci, dole ya dubi aikatau da kyau kafin ya zaɓi in ko da, tunda shi Bahaushe daga kalmar farko yake gane ko shawara ake ba shi ko zargi. A (11c) ko da ta kawo sharaɗin da ba ya sauya sakamako, sa'an nan in ta kawo wanda yake sauyawa, duka a jumla ɗaya.

Misali na (11d) ya kawo wani harafi da ba a cika lissafa shi cikin na sharaɗi ba, watau sai. Idan shuɗaɗɗe na ɗaya ya biyo ta, tana kafa sharaɗin da babu makawa sai an cika shi, daidai da sai in. Amma ita ma tana da irin ciwon da a rubuce:

(12) Sai ya sha magani.
a. Sai yaa shaa magani. (dole ne, in ba haka ba ba zai warke ba)
b. Sai ya shaa magani. (labari: daga nan ya sha)
c. Sai yà shaa magani. (shawara ko izini)

Takardar da aka rubuta wa uba da wannan jumla ba ta gaya masa ko wajibi ne ko shawara ce ko labarin abin da aka riga aka yi a asibiti ba. A yammacin Zamfara, inda zagin umurtau na namiji shi ne shi, jumlolin uku sun rabu sarai ko a rubuce:

(13) a. Sai ya sha magani.
b. Sai yash sha magani.
c. Sai shi sha magani.

Ga mace rabuwar ba ta kai haka ba, domin sai tash sha ce kaɗai take ware kanta, sauran biyun suna nan a matsayin sai ta sha.

Wannan yana da amfani ga ɗaliban da suke zuwa ƙauyuka ɗaukar tatsuniyoyi da tarihin baka da hirarraki don kundin kammala karatu. An saba idan an zo juyar da abin da aka naɗa zuwa takarda a riƙa 'gyara' yaz zo ya koma ya zo, a mayar da shi sha ya koma ya sha, wai don a bi daidaitacciyar Hausa. Wanda ya yi haka ga maganar dattijon Anka ko Gummi ya goge alamar da take raba labari da sharaɗi, ya mayar da (10b) kamar (10a), ya haɗa jumloli uku na (13) suka koma (12). Abin da ya fi shi ne a rubuta furucin yadda ya fito, sa'an nan in ana bukatar daidaitacciyar siga a kawo ta a ƙarƙashinsa, tare da ninka wasalin yaa da taa da naa da kaa a duk inda suka biyo bayan da ko in ko sai.